Ikko Da Dare: Kuɗin Ƙofa A Gidan Rawar Fela

A bakin hanyar Agege, daidai mahaɗar da mutanen Ikko ke kira Moshalashi a unguwar Idi-Oro, akwai wata makarantar gwamnati da yara ke ɗunguma cikinta kowace safiya. Sunan mahaɗar ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, gama kalmar masallaci ce Yarbawa suka ara, harshensu ya lanƙwasa ta. A filin da makarantar take yau nan ne gidan Fela Anikulapo Kuti ya tsaya har zuwa ran 18 ga watan Fabrairu 1977, watau gidan da ya kewaye da waya ya raɗa masa suna Jamhuriyar Kalakuta. Taku kaɗan daga nan, a farfajiyar otal ɗin Empire, shi ne gidan rawar da ya kira Afrika Shrine. Shekara wajen 50 ke nan da aka kashe fitilun wurin, amma har gobe in dattawan Ikko suka zauna hirar dare, da wuya a tashi ba a ambace shi ba.

Mai karatu na iya cewa, to me ya kawo zancen gidan rawa cikin jarida? Ai an san abin da ke can: barasa, da mata masu zaman kansu, da magidancin da zai narkar da albashin wata guda cikin dare guda, ya bar iyali da tukunya a kife. Wanda ya san Sabon Garin Kano ko na Zariya ba ya bukatar a yi masa bayani. Duk wannan gaskiya ne, kuma akwai shi a gidan Fela, har da ƙari. Sai dai gidajen rawa a Ikko ta wancan zamani sun fi a ƙirga, kuma ba a taɓa jin an tashi soja wajen 1,000 zuwa ƙofar maigidan ko ɗaya daga cikinsu ba, sai wannan. Lalle akwai abin da ya raba shi da sauran, kuma ba a gane shi sai an kwana a wurin.

A ƙaddara daren Jumma'a ne, ƙarshen watan Janairu 1977. Ikko ta cika ta batse da baƙin bikin al'adun baƙar fata na duniya, watau FESTAC, wanda aka buɗe ran 15 ga Janairu aka rufe ran 12 ga Fabrairu, ƙasashe fiye da 50 suka aiko da mutanensu. A ƙaddara kuma wani akawu ne ɗan Arewa, ma'aikacin wata ma'aikatar tarayya, mazaunin Obalende, abokin aikinsa Bayarabe ya dame shi sai ya zo ya ga gari. Kuɗi na yawo a hannun mutane a lokacin, ga arzikin man fetur, ga ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 har da bashin watannin baya. Wurin zuwa bai yi kaɗan ba. Akwai Caban Bamboo na Bobby Benson a hanyar Ikorodu, akwai otal ɗin Stadium na Victor Olaiya a Surulere, ga gidajen makaɗan juju inda manyan 'yan kasuwa ke zuwa da rigunan leshi. Abokin nasa ya zaɓi Idi-Oro, ya kuma gargaɗe shi kada ya yi gaggawa, domin wanda ya isa ƙarfe 10 na dare zai tarar ana jera kujeru ne.

Suka tashi wajen ƙarfe 11 da rabi, suka haye gadar Eko, suka miƙe hanyar Western Avenue, suka wuce ƙofar barikin soja na Abalti, suka faɗa cunkoson Ojuelegba inda yaran mota ke rataye jikin danfo suna kiran unguwanni kamar rana tsaka. Daga nan zuwa Moshalashi ba nisa. Tun kafin su ga ginin suka fara jin ganga a ƙirjinsu.

Abin da baƙon ya fara cin karo da shi kasuwa ce. Bakin hanya duk fitilun aci-bal-bal ne da tebura, ana sayar da sigari da goro da alewa, da soyayyen kifi, da faya-fayan garmaho. Ga mai tsire ya kafa tukubarsa, hayaƙin ƙuli-ƙuli da yaji na tashi, ga mai shayi ya jera gwangwanayen madara da burodi da ƙwai. Akawun ya ji Hausa tsantsa a bakinsu, ya yi sallama aka amsa, aka ce masa, "Sannu da zuwa, Malam." Mutanen Idi-Araba ne da Agege, unguwannin da Hausawa suka daɗe da kafawa a Ikko. Su ne suka fi kowa sanin gidan rawar, alhali galibinsu ba su taɓa sa ƙafa cikinsa ba. Sun san motar wane ce ta tsaya, sun san wanda ya zo da matar da ba tasa ba, sun san ɗan sandan ciki ko da ya sa wandon samari. Abincinsu a ƙofar yake, buzun sallarsu kuwa na naɗe ƙarƙashin tebur. Akwai kuma wani wari da ya rinjayi na tsiren, watau na tabar wiwi, wadda ake naɗawa a fili ba ɓoyo, ko da yake dokar soja ta 1966 ta yanka wa mai shan ta ɗaurin shekara 10 kafin a sassauta a 1975.

A ƙofa kowa ya biya. Lauya ya biya, direban tasi ya biya, Bature ya biya. A riƙe wannan, za a komo kansa.

Ciki fili ne, gefe-gefe an yi rumfar kwano, tsakiya kuwa sararin Allah. Can gaba ga dandamalin makaɗa, da taswirar Afirka ta fitila tana haske. A gefe guda akwai wani ɗan wuri da aka keɓe, an jera hotunan Kwame Nkrumah da Patrice Lumumba da Malcolm X, da kyandir da sassaƙe-sassaƙe irin na gargajiyar Yarbawa. Dalilin sunan gidan ke nan, gama ma'anar kalmar a Turance ita ce ɗakin bauta, kuma Fela bai yarda a kira wurin kulob ba. Kansa kuwa ya ba shi muƙamin babban malamin tsafin gidan. Taron ya haɗa kowa da kowa: ɗaliban Jami'ar Ikko daga Akoka, da na kwalejin Yaba, da makanikai, da 'yan dako na tashar jiragen ruwa ta Apapa, da 'yan jarida, da ma'aikatan ofisoshin jakadanci. A makonnin FESTAC kuwa baƙin gwamnati da kansu, da zarar an tashi daga babban gidan wasan Iganmu, sai su sulale su yo nan. Stevie Wonder na Amurka ya zo a wannan lokaci. Tun kafin shi, a 1973, Paul McCartney na Ingila ya zo ya zauna cikin wannan taro sa'ad da ya sauka Ikko ɗaukar faifai, ya kuwa daɗe yana ba da labarin abin da kunnensa ya ji.

Makaɗan, waɗanda ake kira Afrika 70, sun riga sun fara, amma ɗumama wuri kawai suke yi. Maigidan ba ya fitowa sai ƙarfe 1 ta gota, wani lokaci sai 2. In zai fito daga Kalakuta sai yaransa su tare hanya, motoci su tsaya cik, ya tsallaka cikin ayari ana ɗaga masa dunƙulallen hannu. Wani lokaci ma a kan jaki yakan zo, jakin da ya raɗa wa suna Yakubu a zamanin mulkin Janar Gowon, kowa kuwa ya san da wa yake. Ga shi siriri, da matsattsen wando da riga mai ado, sigari a hannu. Da ya hau dandamali ya ɗaga hannuwa biyu, gidan ya ɗauka da ihu.

Kiɗan nasa ba ya sauri. Mai jita ɗaya ya fara wata 'yar gajeriyar karya, ya yi ta maimaita ta ba ƙari ba ragi. Na biyu ya shigo da tasa ta saƙu cikin ta farko. Mai shekere, watau goran nan da ake yi wa ragar duwatsu, ya riƙe lokaci, da wani mai buga 'yan sanduna biyu. Ƙarƙashin wannan duka akwai Tony Allen a kan ganguna, mutumin da hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu kowanne ke bin tasa hanya daban, har mai sauraro ya rantse mutum huɗu ne. Sa'an nan masu ƙaho su tashi gaba ɗaya kamar an buɗe ƙofar iska. Fela ya zauna ga fiyanonsa mai lantarki, ya tashi ya ɗauki ƙahonsa ya busa, ya juya ya harari wanda ya kuskure. Sai an yi minti 10 ko 15 a haka, jiki ya ɗauka, mata masu rawa da fuskoki zane da farar ƙasa sun jiƙe sharkaf, kana ya matso ga lasifika ya buɗe baki. Waƙa guda takan ci rabin sa'a ko fiye. Da Turancin buroka yake yi, da gangan, domin Bayarabe da Ibo da Bahaushe da mutumin Gana duk su ji ba sai da tafinta ba. Yana bayarwa, mata 'yan amshi na karɓa, tsarin da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban makaɗan kalangu ya san shi.

Da waƙar ta ƙare sai aka shiga abin da mutane da yawa suka biya kuɗinsu dominsa. Sunansa yabis, kuma in za a fassara shi da Hausa sai a ce zambo. Kiɗa ya tsaya, Fela ya kunna sigari, ya shiga magana. Yakan ɗauko abin da jaridu suka buga a makon ya feɗe shi, ya faɗi abin da suka tsallake. Yakan kama sunan kwamishina, da na babban ɗan kwangila, da na Shugaban Ƙasa Laftana-Janar Olusegun Obasanjo, wanda ɗan garinsu ne, Abekuta. A makonnin nan FESTAC ce a bakinsa. An sa shi cikin kwamitin shirya bikin tun farko, ya kawo shawarwari aka ƙi, ya fice, ya koma yana tambaya kowane dare ina kuɗin suka shiga, kuma me ya sa soja ne ke shugabantar sha'anin makaɗa da mawaƙa. Mutane na dariya har da riƙe ciki, wani daga cikin taro ya jefo tasa, Fela ya mayar masa, har shi kansa akan yi wa zambon a kan siffarsa, ya yi dariya ya wuce.

Sai an tuna halin da ƙasa ke ciki kafin a gane nauyin wannan. Tun watan Janairu 1966 babu majalisar dokoki a Nijeriya, kuma ba a sake samun ta ba sai 1979. Jam'iyyun siyasa haramtattu ne. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe kashi 60 cikin 100 na kamfanin Daily Times, ta kuma karɓe New Nigerian ta Kaduna ɗungurungum. Rediyo da talabijin na gwamnati ne. 'Yan jarida ba su manta da Minere Amakiri ba, wakilin jaridar Observer a Fatakwal, wanda a 1973 aka aske masa kai aka tsula masa bulala 24 saboda ya buga labarin koke-koken malaman makaranta ranar da gwamnan jihar ke bikin zagayowar haihuwarsa. Shekara guda bai cika ba da kashe Janar Murtala Muhammed a kan titin Ikoyi, soja na cikin ɗar-ɗar, bulalar doki kuwa na hannunsu a kowace mahaɗa suna gyara zirga-zirgar motoci da ita. Cikin wannan hali, wurin da talaka zai zauna ya ji an kama sunan mai mulki an ce ya yi ba daidai ba, a fili, da lasifika, bai wuce wannan farfajiyar otal ba. Faifansa mai suna Zombie, wanda ya fito a 1976, ya kwatanta soja da gawar da aka tayar da tsafi, ba ta motsi sai an ba ta umurni. Yaran unguwa suka ɗauka, in sun hangi mai kaki sai su rera su ruga.

Akawun nan ɗan Arewa bai saki jiki ba. Yana da ƙane a soja. Ya kuma ji Fela ya taɓa limamai da fastoci da masu zuwa Makka da Rum, ya haɗa su ya yi musu kuɗin goro, abin da ya sa ya yi tsaki ya kau da kai. Duk da haka sana'ar ba baƙuwa ba ce gare shi. Ƙasar Hausa ta san zambo da habaici tun kaka da kakanni. Makaɗin fada yakan wasa ubangidansa har ya kai shi sama, sa'an nan ya juya kan ɗan sarkin da ke neman gadon ya yi masa kaca-kaca. Mamman Shata ya yi wa mutane zambon da ya bi su har kabari, ya kuma sha yin wasa a otal-otal na garuruwan Arewa. A watan azumi yara masu tashe kan kwaikwayi malami da attajiri da tuzuru, ba mai cewa uffan. Amma a duk wannan akwai iyaka guda wadda kowa ya sani. Maroƙi ba ya zagin hannun da ke ba shi. Doki da riga da kujerar Makka daga wurin wani suke fitowa, kuma wanda ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski.

Haka abin yake a sauran gidajen rawar Ikko. Makaɗin juju, kome gwanintarsa, in ya hangi attajiri ya shigo sai ya karkata waƙa ta koma kansa, ya ambaci uwarsa da ubansa da garinsu da kamfaninsa. Attajirin ya taso yana taku ɗai-ɗai, ya zaro sababbin takardun naira, wadda ta maye gurbin fam a 1973, ya yi ta manna wa mawaƙin a goshi. Daga wannan liƙi ake biyan yaran kiɗa, a sayi kayan lantarki, a yi gini. Ba abin kunya ba ne, al'ada ce, kuma ta haifar da kiɗa mai daɗin gaske. Sai dai mutumin da rabin abincinsa ke fitowa daga aljihun ɗan kwangilar siminti ba zai tashi ya tambayi yadda aka yi jiragen ruwa ɗaruruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Apapa a 1975 ba.

Fela ya toshe wannan ƙofa da hannunsa. Ba ya wasa kowa, ba a yi masa liƙi, ba ya zuwa kiɗan biki ko na suna gidan mai kuɗi. Wanda ke son jin sa, ko wane ne shi, ya zo Idi-Oro ya bi layi. Ya kuma kafa wata doka mai ban mamaki: duk waƙar da ya riga ya sa a faifai, ya gama da ita, ba ya sake yin ta a dandamali kome roƙon da za a yi masa. Saboda haka abin da ake ji a gidan kullum sabo ne, wata da watanni kafin ya isa kanti, kuma wanda ke son ya ji abin da Fela ke cewa game da abin da ya faru makon jiya ba shi da wata hanya sai ya zo ya biya. Ubangidansa shi ne taron nan, 'yan kuɗin da makanike da ɗalibi suka ajiye a ƙofa, tare da cinikin faya-fayansa. Mutum dubu da kowannensu ya ba da kaɗan, babu ɗayansu da zai aiko a ce wa mawaƙi ya yi shiru. Gwamnati ba ta da kwangilar da za ta janye, ba ta da attajirin da za ta ja wa kunne. Abin da ya rage mata shi ne ƙarfi.

Kada a ɗauka gidan na waliyyai ne. Iyaye da yawa a Mushin da Surulere sun yi kuka da shi, gama 'ya'yansu mata sun gudu daga makaranta sun tare a Kalakuta, kuma farmakin da 'yan sanda suka kai gidan a watan Nuwamba 1974 da sunan neman wata yarinya aka kai shi. Yaran da ke tare hanya domin maigidansu ya wuce ba su san girman kowa ba, maƙwabta sun sha wuya a hannunsu. Samari nawa ne suka fara zuƙar wiwi a wannan farfajiya suka ƙare a bola, Allah kaɗai ya sani. Mutumin da ke zagin masu mulkin kama-karya, a cikin gidansa shi ne sarki shi ne alƙali, yana yanke hukunci yana cin tara. Makaɗansa sun daɗe suna gunaguni a kan albashi, har bayan wasan da suka yi a Berlin ta Jamus a 1978 galibinsu suka watse, Tony Allen ma ya kama gabansa, domin sun ji kuɗin wasan siyasa za a kai su. Kuɗin ƙofar da ya saya wa Fela baki bai sauka daidai a hannun waɗanda suka busa ƙahon ba.

Wajen ƙarfe 5 kiɗa ya tsaya. Taro ya fito, idanu jawur, riguna sun manne a jiki. Mai tsire ya riga ya kashe wuta yana kankare tukuba, layin mai shayi kuwa ya yi tsawo. Daga masallatan Mushin aka fara kiran assalatu, wani bayan wani. Akawun ya tsaya yana duban abokinsa yana duban mai shayin da ya ɗauki buta ya koma gefe. Ya karɓi aron butar bayansa.

Mako uku bayan wannan dare, ran Jumma'a 18 ga Fabrairu, kwana 6 da rufe FESTAC, baƙi sun koma ƙasashensu, wata rigima ta tashi tsakanin yaran Fela da soja a kan sha'anin mota a wajen Ojuelegba. Soja suka zo Kalakuta neman yaran, aka hana su. Suka komo da yawa, suka kewaye gidan, suka cinna wa injin lantarki wuta, suka karya waya suka shiga. Aka yi wa mutanen gidan dukan kawo wuƙa, aka ci mutuncin mata, aka fasa wa Fela kai, aka raunata ƙanensa Dokta Beko wanda ke da ɗakin shan magani a gidan. Mahaifiyarsu, Funmilayo Ransome-Kuti, tana da shekara 76, aka jefo ta ta taga daga bene. Ita ce matar da ta ja matan Abekuta suka yi bore a kan haraji har Alake ya sauka daga gadon sarauta a 1949, ita ce mace ɗaya tilo cikin wakilan NCNC da suka tafi London a 1947 tare da Dokta Azikiwe da Bukar Dipcharima, kuma wurinta Hajiya Gambo Sawaba ta tafi tun daga Zariya don ta ga yadda ake tara mata a siyasa. Ba ta sake samun lafiya ba, ta rasu ran 13 ga Afrilu 1978. Gidan ya ƙone ƙurmus da kayan kiɗa da faya-fayai. Kwamitin binciken da aka kafa ya ce wani soja ne da ba a san ko wane ne ba ya sa wutar. Fela ya kai ƙara yana neman diyyar naira miliyan 25, kotu ta kore ta. Gwamnati ta karɓe filin, gidan rawar Empire kuma ya mutu daga nan.

Sauran labarin sananne ne. Ya sake buɗe gidan a titin Pepple a Ikeja. Ya kafa jam'iyya, hukumar zaɓe ta ƙi yi mata rajista. A 1984, zamanin Janar Buhari, aka ɗaure shi shekara 5 a kan zargin fita da kuɗin ƙasashen waje, aka yi ta yawo da shi gidajen yari har Maiduguri, Janar Babangida ya sake shi a watan Afrilu 1986. Ya rasu ran 2 ga Agusta 1997 yana da shekara 58. Washegari wansa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon Ministan Lafiya, ya tara 'yan jarida ya faɗa musu cewa cutar ƙanjamau ce ta kashe shi, cutar da Fela ya yi ta musun akwai ta har ƙarshen ransa, a gaban samarin da suka ɗauki maganarsa tamkar yankan wuƙa. Wannan ma yana cikin abin da aka saya da kuɗin ƙofa: babu wanda ya isa ya ce masa ya yi kuskure.

Wanda ya fita yawon dare a Ikko yanzu, tsibirin Victoria da Lekki zai nufa. Can ba a damu da kuɗin ƙofa ba, tebur ake saya. In wani ya sayi kwalbar barasa mai tsada sai 'yan mata su ɗauko ta a sama da tartsatsin wuta, a tsai da kiɗa, wani saurayi mai lasifika ya shiga kiran sunan mai sayen yana zuga shi, yana ƙalubalantar teburin da ke kusa. Sun ba aikin sunan Turanci, amma Bahaushe na ganinsa zai ce sanƙira ne. Liƙi ya kai inda hukuma ta shiga ciki, gama dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta wulaƙanta naira, har a 2024 wata kotu a Ikko ta ɗaure wani sananne wata 6 a kan haka. A waɗannan gidaje ba a zagin kowa, sai wanda bai kashe kuɗi ba.

Gidan Fela kuwa bai mutu ba. Bayan rasuwarsa masu filin Pepple suka karɓe abinsu, 'ya'yansa Yeni da Femi suka gina sabo a Agidingbi cikin Ikeja, aka buɗe shi a watan Oktoba 2000. Ya fi na da girma da tsabta, hotunan na nan a bango, an ƙara da nasa da na mahaifiyarsa. Femi da ƙanensa Seun ba su bar caccakar masu mulki ba, hukuma ma ta taɓa rufe wurin a 2009 na 'yan kwanaki. Kowace shekara a makon haihuwarsa, tsakiyar Oktoba, ana yin bikin tunawa da shi wanda Yeni ta fara a 1998, kuma allunan kamfanonin da suka ɗauki nauyin bikin kan kewaye dandamalin. Gidansa na ƙarshe a titin Gbemisola, inda kabarinsa yake, ya zama gidan tarihi a 2012 da taimakon kuɗin Gwamnatin Jihar Legas. Ran 3 ga Yuli 2018 Shugaban Faransa Emmanuel Macron, wanda ya taɓa zaman koyon aiki a ofishin jakadancin ƙasarsa a Nijeriya yana saurayi, ya zo gidan da dare, ya tuɓe kwat ya hau dandamali, Gwamna Akinwunmi Ambode na gefensa. A daren nan da katin gayyata aka shiga, jami'an tsaro ne suka tsare ƙofa, masu tsire da masu shayi kuwa can nesa da shingen suka kafa teburansu.